Kafin Ka Taɓa Kwamfutar Abokin Aikinka

Ɗana, na ji kokenka, kuma ban ga laifinka ba don ranka ya ɓaci. Ka ce ku uku ne a ɗaki guda, aikin da aka ɗora muku na mutum uku ne, amma mutum biyu ke ɗauke da shi. Na ukunku yakan iso da safe ya sa hannu a rajista, ya kunna kwamfuta, ya buɗe WhatsApp a kan babban allo, shi ke nan sai azahar. In an tambaye shi takardar da aka ba shi tun Litinin sai ya ce yana kanta. Ranar Alhamis da yamma, idan oga ya leƙo yana neman rahoto, kai ne kake zama har bayan magariba kana cike giɓi. Shi ne kake tambayata ko akwai dabarar da za ka toshe masa wannan hira a kwamfutarsa ba tare da ya sani ba, tunda duk sashenku kai ne ka fi sanin kan na'ura.

Dabarar akwai, kuma zan faɗa maka yadda take, don kada ka zaci ina ɓoye maka ilimi. Amma ina roƙonka kada ka aikata.

A zamanin Yahoo Messenger da MSN Messenger, waɗanda suka cika ofisoshi a farkon shekarun 2000, abin ya fi sauƙi. Kowace manhaja tana da lambar ƙofar da take bi ta fita intanet. MSN tana bin 1863, Yahoo tana bin 5050. Mai kula da kwamfutoci sai ya rufe waɗannan lambobi a katangar tsaro ta ofis, kodayake ko a lokacin ma manhajojin sukan zagaya su bi ta ƙofar da shafukan intanet ke bi. Duk sun tafi yanzu. Kamfanin Microsoft, mai MSN, ya fara janye tasa a 2013, Yahoo ya rufe tasa a 2018. WhatsApp na kwamfuta, wanda aka fito da shi a Janairun 2015, yana bin ƙofa ta 443 ne, kuma ta nan shafin banki da na imel da duk wani shafi mai tsaro ke wucewa. Wanda ya rufe ta ya rufe ofis ɗin baki ɗaya. Don haka yanzu da suna ake toshewa: ko dai a rubuta adireshin shafin a jerin abubuwan da na'urar rarraba intanet ta ofis za ta hana, ko a shiga wani ɗan fayil mai suna hosts a cikin Windows a karkatar da adireshin zuwa inda babu kowa. Wanda ke da izinin sarrafa kwamfutar zai gama wannan kafin shayinsa ya huce.

To, ka gama, sai me? Mutumin zai danna, shafi ya ƙi buɗewa, ya sake dannawa, ya yi tsaki, ya sa hannu a aljihu ya ciro wayarsa. Yana da data. Hirar da take kan tebur a fili ta koma ƙarƙashin tebur, takardar Litinin kuma tana nan inda take. Ba ka ƙara masa son aiki ko na ƙwayar zarra ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Kwamfutar nan ba taka ba ce, ba tasa ba ce, ta ma'aikata ce, kuma ba a ba ka ikon sauya tsarinta ba. Sanin yadda ake abu daban, izinin yinsa daban. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta yi magana a kan shiga kwamfuta da sauya abin da ke cikinta ba da izini ba, kuma ko ba a je ga doka ba, kowace ma'aikata tana da ƙa'idarta a kan kayan aikinta. Ranar da ya kira mai gyara, mai gyara zai buɗe fayil ɗin ya ga an taɓa shi, ya ga ranar da aka taɓa. A ɗakin mutum uku ba a daɗe ana neman wanda ya yi. Daga wannan rana magana ta tashi daga kan lalacinsa ta koma kan amanarka. Shi ya zama wanda aka zalunta, kai ne za a miƙa wa takardar tuhuma. Ka kuma tuna yawancin ofisoshinmu ta zauren WhatsApp suke sanar da taro, ta nan ake tura sanarwa, ta nan oga yake cewa a zo. In mutumin ya rasa wata sanarwa saboda abin da ka yi, ka ba shi hujjar da zai daɗe yana fakewa da ita.

Akwai kwamfuta guda da kake da cikakken iko a kan yadda ake zama a gabanta, ita ce wadda ke kan teburinka. Da ita nake so ka fara. Ba ina cewa kai ma raggo ba ne, na san ba haka kake ba. Amma shagala da hira ba ta bar kowa ba. Wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, Gloria Mark, ta shafe shekaru tana bin ma'aikatan ofis tana auna tsawon lokacin da mutum ke tsayawa a kan abu guda a allon kwamfuta kafin ya tsallaka wani. A 2004 ta samu kimanin minti biyu da rabi. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75. A 'yan shekarun baya ya kai daƙiƙa 47, kamar yadda ta bayyana a littafinta na 2023. Waɗanda ta auna ba malalata ba ne, mutane ne masu ganin kansu a tsakiyar aiki. Wata mai binciken kuma, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani abu bai kammala ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yakan maƙale a kan na farkon, sai aikin na biyu ya yi rauni.

Ka san wannan a jikinka ko ba a auna maka ba. Kana cikin haɗa lissafi, ka kai layi na talatin, sai ka hango 'yar lamba a saman shafi ta tashi daga uku zuwa huɗu. Ka ce bari in leƙa. Zauren 'yan ajinku ne, ana gardamar ƙwallo. Na dangi kuma an turo katin ɗaurin aure da maganar anko. Wani ya turo saƙon murya na minti shida. Ka amsa biyu, ka dawo, sai ka tarar ka manta ko ka riga ka cire harajin ko ba ka cire ba, dole ka koma layi na ɗaya. Leƙen bai kai minti biyu ba, amma ya ci maka rabin awa, kuma a irin nan ne kuskure yake shiga takarda.

Maganin ba shi da wuya. Ka shiga wayarka wurin na'urorin da aka haɗa, ka fitar da kwamfutar ofis daga WhatsApp ɗinka gaba ɗaya. Wannan ma kariya ce ga sirrin gidanka, don sau da yawa mutum yakan tashi salla ya bar allo a buɗe, saƙon iyalinsa yana fitowa a gaban duk wanda ya zo aron abin rubutu. Zaurukan da ba na aiki ba ka rufe musu baki. Manhajar tana ba ka zaɓin awa takwas, ko mako guda, ko har abada, kuma babu wanda zai san ka yi. Wayar ka kifa ta a cikin aljihun tebur, ka bar ƙarar kira kaɗai a kunne. Sannan ka yanka wa kanka lokutan dubawa. Mu Allah Ya sauƙaƙa mana, ranarmu a yanke take tun asali: ka duba da hantsi, ka duba bayan azahar, ka duba bayan la'asar. Ka gaya wa mahaifiyarka da maiɗakinka da ogan kansa cewa in abu na gaggawa ne a kira ka, kada a rubuta. Mako guda za a yi ana cewa ka yi wuyar samu, daga nan kowa ya saba.

Kada ka ɗauka ina cewa toshe hira a ofis laifi ne a kowane hali. Ma'aikata tana da haƙƙin yin haka, wani lokaci ma wajibi ne a kanta, sai dai dalilin da ya fi ƙarfi ba lalaci ba ne. A Disambar 2021 hukumomin da ke sa ido kan hada-hadar kuɗi a Amurka sun ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200, saboda ma'aikatansa suna tattauna harkar banki ta WhatsApp da saƙonnin wayoyinsu, inda bankin ba ya iya adana bayanan kamar yadda doka ta wajabta. A Satumbar 2022 aka sake cin tarar wasu manyan bankuna a kan laifi iri ɗaya, cikinsu har da Goldman Sachs da Morgan Stanley da Barclays, jimillar kuɗin ta haura dala biliyan 1.8. A nan gida kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ma'aikacin asibiti da ke ɗaukar hoton katin majinyaci ya tura ta wayarsa, ko na banki da ke tura lambar BVN ta wani a zaure, yana wasa da amanar mutanen da ba su san ana yi ba. In ma'aikata ta rufe wannan hanya saboda haka, ta kyauta. Amma ka lura da yadda ake yi: masu iko ne ke yanke shawara, a rubuta, a sanar da kowa, ta hau kan kowa. Ba mutum guda ba ne zai laɓaɓa bayan an tashi ya ɗana wa maƙwabcinsa tarko. In kana ganin ofishinku yana bukatar irin wannan ƙa'ida, ka rubuta shawara ka kai wa shugaban sashe, ka sa sunanka a ƙasa.

Yanzu mu dawo kan mutumin, don shi ne ainihin maganar. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka yanke masa hukuncin raggo, ka ɗan kalle shi da idon rahama. Na zauna da ma'aikata iri-iri a rayuwata, kuma waɗanda na tarar tsantsar lalaci ne ke damunsu ba su kai yawan da ake zato ba. Wani bai iya aikin ba ne. An ɗauke shi, an ajiye masa kwamfuta, ba wanda ya nuna masa yadda ake jera lissafi a Excel, kuma yana jin nauyin ya tambayi yaron da ya girma da shekara goma, sai ya ɓuya a bayan waya. Wani ba a taɓa gaya masa takamaiman abin da ake jira daga gare shi ba. Wani albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, hirar da kake gani ciniki ne, shadda yake sayarwa ko takalma, yana amsa masu tambayar farashi. Wannan bai halatta masa cin lokacin da ake biyansa ba, amma ya sauya yadda za ka yi masa magana. Wani yana da mara lafiya a gida, jikinsa ne kawai a ofis. Wani kuma da can shi ne gwarzon wurin, aka tsallake shi a ƙarin girma sau biyu, zuciyarsa ta mutu. Kowanne da irin maganinsa, kuma babu ko ɗaya da toshe shafi zai warkar.

Akwai kuma abin da ba halin mutum ɗaya ba ne, halin taro ne. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya, ɗaiɗai da kuma a haɗe, ya wallafa sakamakon a 1913: duk sa'ad da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowannensu ke sawa sai ya ragu. A 1979 Bibb Latané da abokan bincikensa a Amurka suka gwada da tafi da ihu, suka ga abu guda. Da suka sake gwaji suka shaida wa mutane cewa ana auna muryar kowa shi kaɗai, sai raguwar ƙoƙarin ta ɓace. Manomanmu sun daɗe da gane wannan. A gayya ba a cewa ku duka ku nome gonar nan. Jeruwa ake yi, kowa ya kama kunyarsa, a tashi tare, wanda aka bari a baya kuwa duk gona na ganinsa, ba sai wani ya buɗe baki ba. Ofishinku an ce ku uku ku kawo rahoto ranar Alhamis, ba a raba kunya ba, shi ya sa mai son fakewa ya sami inuwa.

Don haka abu na farko da za ka nema shi ne a raba aikin da suna. Wannan ba ya bukatar ka ambaci kowa da sharri. Ranar Litinin ka ce, "Ranka ya daɗe, da za a rubuta mana wane sashe ne na wa, da ranar da kowa zai miƙa nasa, da mun fi sauri." Babu ogan da zai ƙi wannan. Takarda guda a manne a bango, suna uku, aiki uku, rana uku. Sau da yawa a nan matsalar take mutuwa ba tare da an yi wa kowa tsawa ba.

In ba ta mutu ba, ka same shi shi kaɗai. Ba a gaban masinja ba, ba a zaure ba, ba kuma ranar Alhamis da ranka ke tafasa ba. Ku fito daga masallaci, ko ku zauna wurin mai shayi, ka yi maganar aiki, kada ka yi maganar halinsa. Kada ka ce masa kullum yana kan waya, don zai ce kai ma kana taɓa taka, sai ku ɓata lokaci a kan wannan. Ka ce, "Malam, makon jiya da na shekaranjiya sashenka bai iso ba sai da na haɗa da nawa, har na kai dare. Akwai inda ya tsaya maka ne mu duba tare?" In ya girme ka, ka ƙara sassauta murya, ka shigo masa ta fuskar neman shawara, ka bar masa hanyar da zai gyara ba tare da ya ji an tozarta shi ba. Daga nan ka yi shiru ka saurara da gaske. In rashin iyawa ne, ka koya masa a ɓoye, rabin awa bayan an tashi, kuma kada wani ya ji daga bakinka. Mutumin da ka rufa wa asiri a irin wannan ba ya mantawa.

Amma ka daina yi masa aikinsa a ɓoye. Wannan ita ce gaɓar da ta fi yi wa irinmu wuya, don an tarbiyyantar da mu da kara da kawaici, kuma halaye ne masu kyau. Sai dai kawaicin da ya sa kake ɗaukar kayan wani duk mako, kana murmushi a fuska kana ƙuna a ciki, ba ya taimakon kowa. Shi bai san akwai matsala ba tunda rahoto yana fita. Oga bai sani ba. Iyalinka ne kaɗai suka sani, su da ke jiranka da abinci yana sanyi. Ka gaya masa cikin ladabi cewa daga wannan mako naka za ka miƙa a kan lokaci, nasa kuma yana hannunsa. Sannan ka cika maganarka, ko da rahoton zai fita da giɓi sau ɗaya.

Idan duk wannan bai yi ba, zuwa wurin shugaba ba munafunci ba ne, matuƙar ka bi ta hanyarsa. Ka fara shaida wa mutumin cewa za ka je, in ya yarda ma ku je tare. Ka tafi da abin da ke rubuce: ga aikin da aka raba, ga ranar da aka sa, ga abin da ya iso, ga wanda bai iso ba. Kada ka ɗauki hoton allonsa, kada ka ƙirga masa sau nawa ya fita, kada ka kawo abin da ka ji an ce game da gidansa. Ka faɗi abin da ya shafi aikin ka tsaya nan. Bambancin mai kai rahoto da magulmaci shi ne, na farko zai iya maimaita duk abin da ya faɗa a gaban wanda ake magana a kansa ba tare da ya sauya kalma ba.

Zai yiwu ka yi duk wannan oga ya kau da kai, don mutumin ɗan wani ne, ko don shi kansa ogan ba ya son rigima. Wannan yana faruwa, kuma yana da ciwo. In ka tarar da haka, ka tsare naka aikin ya fita da tsabta da sunanka a kai, ka ajiye kwafi, ka tashi a lokacin tashi, ka nemi a sauya maka sashe idan dama ta samu. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ranar da za ka ce tunda wane ba ya yi kuma ana biyansa, ni ma bari in zauna. Na ga samari masu ƙwazo da suka lalace ta wannan hanya, ba don an hana su komai ba, sai don sun ɗora idonsu a kan teburin wani har suka manta da nasu. Albashin da kake karɓa a kan awanninka ne, kuma a kansu za a tambaye ka.

Wata rana, in Allah Ya so, kai ne za ka zauna a kujerar shugaba, kuma wani yaro zai shigo maka da irin wannan koke. Kafin ka kira mai kula da kwamfutoci ka ce a rufe kaza, ka fara tambayar kanka ko kowane ma'aikaci a ƙarƙashinka ya san abin da ake jira daga gare shi a wannan mako. In har za ka rufe, ka tara su ka faɗi dalili, ka tanadar musu wata hanya ta aiki da za su riƙa tuntuɓar juna, ka bar lambar da iyalansu za su same su in wani abu ya taso a gida ko a makarantar yara. Dokar ta fara aiki a kan kwamfutarka kafin ta kowa. Kuma in ka hana su hirar gida a lokacin aiki, to kai ma ka hana kanka tura musu saƙon aiki a lokacin gida. A Faransa tun Janairun 2017 doka ta wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara lokutan da ba za a dame su da saƙonnin aiki ba. Kai ba sai ka jira doka ba. Abin da ya faɗo maka a rai ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ka rubuta shi a takarda ka ajiye, ka faɗa musu da safe.